TARIHIN GOYO DA JEGO A ZAMANMU NA ABUJA

A fitowa ta wannan karo mun ga ya kamata mu waiwayi tarihin wani al'amari wanda ba kasafai ake tattauna shi a majalisar maza ba, alhali kuwa da wuya ka sami gidan da bai taɓa ba. Wannan al'amari shi ne lafiyar mai ciki da mai jego, da kuma ciwon nan na tamowa da ke kama yara ƙanana. Duk wanda ya daɗe a nan ya san gidajen da aka taru suna, kafin shekara biyu ta zagayo aka sake taruwa a ƙofarsu don ta'aziyya. Ya kuma san matan da suka shiga naƙuda da daddare, gari bai waye da su ba. Rai da ajali na Allah ne, babu mai ja. Amma tarihi ya nuna cewa da yawa daga cikin cututtukan nan an san sababinsu, an kuma san maganinsu, tun kafin a aza tubalin farko na wannan birni.

ZUWANMU WANNAN ƘASA

Hausawa dai ba baƙin jiya ba ne a wannan yanki. Bayan jihadi, Sarkin Zazzau Muhammadu Makau ya baro Zariya ya sauka a Zuba, ƙanensa Abu Ja kuma ya kafa garin Abuja a 1828, wato garin da yanzu ake kira Suleja. Tun wancan zamani fatakenmu ke ratsa ƙasar Gbagyi da Gade da Koro da Gwandara. Sai dai yawancinmu zuwanmu ya biyo bayan doka ta 6 ce, wadda gwamnatin Janar Murtala Muhammad ta kafa Babban Birnin Tarayya da ita ranar 3 ga Fabrairu 1976. Da farko maza ne zalla suka zo, leburori da birkiloli da masu gadi da direbobi da mahauta da masu shayi da 'yan ga-ruwa. Ita kanta Nyanya ai don kwanan leburori aka gina ta.

Bayan gwamnati ta tare ranar 12 ga Disamba 1991 sai aka shiga ɗauko iyali. Ƙidayar 1991 ta sami mutum kusan dubu 372 a duk yankin, ta 2006 kuwa ta sami miliyan 1.4. To, manyan asibitocin Garki da Wuse da Maitama da Asokoro suna cikin birni ne, inda aka tsara wa ma'aikata. Mu kuwa kuɗin haya ya tura mu Karmo da Gwagwa da Dei-Dei da Mpape da Zuba, wasu ma har Mararraba da Masaka cikin Jihar Nasarawa. Rusau ɗin da aka yi tsakanin 2003 da 2007, wanda ya haɗa da Idu-Karmo, ya ƙara tura mutane nesa. Kowace ƙaura kuwa tana da nata hasarar da ba a lissafawa: katin awo ya ɓace cikin kaya, allurar yaro ta katse, mai ciki ta rabu da malamar asibitin da ta saba da ita.

ABIN DA MUKA BARO A GIDA

A garuruwanmu na asali, Kano ne ko Katsina ko Sakkwato ko Zariya, mace ba ta haihuwa ita kaɗai. Idan cikin fari ne akan mayar da ita gidan iyayenta goyon ciki. Akwai ungozoma, akwai kaka mai kula da ita har ta yi arba'in, ga ƙauri da kunu, ba ta daka ba ta ɗebo ruwa. Akan shayar da yaro wajen shekara biyu, kuma ana ƙyamar kwanika, wato a yi ciki a kan goyo. Ga rumbu a tsakar gida, ga akuya a turke, ga zogale a bayan danga. Waɗannan duka kariya ce babba, ko da ba a kira su da sunan kiwon lafiya ba.

Amma fa a cikin al'adun nan akwai masu cutarwa. Akan matse nonon farko, wato dakashi, a zubar wai ba shi da kyau, a ɗura wa jariri ruwa ko jiƙo, alhali dakashin nan shi ne rigakafinsa na farko. Akan yi yankan gishiri idan naƙuda ta yi tsawo, wanda kan jawo zubar jini da yoyon fitsari. Kunya kuma kan sa yarinya ta ɓoye naƙuda har sai abin ya ci tura. A shekarun 1970 likitocin asibitin Jami'ar Ahmadu Bello, irin su Davidson da Parry, sun lura ciwon zuciya bayan haihuwa ya yi yawa ƙwarai a Zariya da kewaye, suka danganta shi da yawan shan kunun kanwa, da wankan jego da tafasasshen ruwa, da kwanciya kan gadon ƙasa mai wuta a ƙarƙashi.

A Zariyan nan dai, Farfesa Kelsey Harrison da abokan aikinsa suka bi diddigin haihuwa 22,774 tsakanin 1976 da 1979, aka buga sakamakon a 1985. Abin da suka gano shi ne, mafi yawan matan da suka rasu su ne waɗanda ba su taɓa zuwa awo ba, sai da abu ya ɓaci aka kawo su a galabaice. Waɗanda suka yi awo kuwa kaɗan ne suka rasu. Wannan bincike na garinmu yana cikin abubuwan da suka farkar da duniya, har aka yi babban taron ceton mata masu haihuwa a Nairobi a 1987, Nijeriya kuma ta yi nata a nan Abuja a 1990.

To abin lura a nan, da muka zo ci-rani muka zauna, alherin tsarin gida ne ya tsaya a can, domin kaka da rumbu ba su biyo mu ba. Kunun kanwa da zubar da dakashi da kunya kuwa ba su da nauyin ɗauka, sun shigo mota tare da mu. Sai ka ga yarinya da cikin fari a ɗaki ɗaya na haya, maigida ya fita tun asuba, komai sai an auna a mudu, ruwa ma sai an saya a jarka.

YADDA AKA GANE TAMOWA

Da can idan yaro ya rame, ko ya kumbura gashinsa ya yi ja ya yi laushi, akan ce maita ce, ko kambun baka, ko nonon uwar ne ya lalace. Wata likita haifaffiyar Jamaika mai suna Cicely Williams, wadda ta yi aiki a asibitin yara na Ankara ta ƙasar Gana, ita ce ta yi bayanin ciwon a rubuce a 1933. A 1935 ta kira shi da sunan da mutanen Ga ke kiransa, kwashiorkor, wanda ma'anarsa ita ce ciwon da yaro kan samu idan ƙanensa ya ture shi daga nono. Ka ga ke nan abin da kakanninmu ke gudu a kwanika, shi ne ta gani a asibiti. Ta lura yaran kunun masara zalla ake ba su bayan yaye, kuma idan aka ba su madara suna farfaɗowa.

Daga ƙarshen shekarun 1950, Dokta David Morley ya yi aiki a Ilesha da ƙauyen Imesi-Ile a ƙasar Yarabawa. Can ya kafa asibitin yara 'yan ƙasa da shekara biyar, ya kuma fito da katin nan mai layi-layi da ake rubuta nauyin yaro a kai wata-wata. Hikimar katin ita ce, layin nauyi kan tsaya ko ya sunkuya tun kafin idon uwa ya ga rama. Wannan kati da ake ba matanmu a asibitin sha-ka-tafi, a Nijeriya aka haife shi, daga nan ya bazu duniya. Yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 da farin 1973 kuwa sun nuna wa kowa abin da yunwa ke yi wa yara kafin ta taɓa manya.

ZAMANIN OLIKOYE

A 1978 ƙasashen duniya suka taru a Alma-Ata suka amince cewa a kai kiwon lafiya kusa da talaka, kada a tsaya gina manyan asibitoci kawai. A nan ƙasar wanda ya ɗauki abin da gaske shi ne Farfesa Olikoye Ransome-Kuti, likitan yara, wanda ya riƙe ma'aikatar lafiya daga 1985 zuwa 1992. A zamaninsa aka fara gwajin tsarin kiwon lafiya matakin farko a ƙananan hukumomi 52 a 1986, aka fito da manufar lafiya ta ƙasa a 1988. Dattawa za su tuna yadda rediyo ya cika da sanarwar ruwan gishiri da sukari don yaro mai gudawa, da kiran a kai yara allurar cututtuka shida: tarin fuka, shan inna, ƙyanda, tarin shiƙa, mashaƙo da ciwon sandarewar jiki. Zuwa 1990 alƙaluman gwamnati sun nuna rigakafi ya kai wajen kashi 80 cikin ɗari na yara.

A 1987 Hajiya Maryam Babangida ta ƙaddamar da shirinta na kyautata rayuwar matan karkara, cibiyar mata da ke tsakiyar birnin nan kuma tana ɗauke da sunanta. A 1992 aka kafa hukumar kiwon lafiya matakin farko ta ƙasa. A 1993 aka wajabta sa sinadarin aidin cikin gishiri, shi ya sa maƙoƙo ya yi wuyar gani yanzu. A 2002 aka wajabta ƙara bitamin A cikin sukari da fulawa da man girki.

Sai dai wannan zamani ya zo daidai da tsarin tsuke bakin aljihu na 1986, Naira ta faɗi, magani ya yi tsada, ƙananan asibitoci suka koma sai dai a rubuta maka ka je ka saya. Rigakafi ya ja da baya ƙwarai, har binciken lafiya na ƙasa na 2003 ya sami kashi 13 kacal na yara ne suka kammala allurarsu. A 2003 ɗin ne kuma aka dakatar da ɗigon shan inna a Kano da wasu jihohi saboda zargi, ba a ci gaba a Kano ba sai Yulin 2004, cutar kuwa ta sami dama ta tsallaka ƙasashe da yawa. Da sarakuna da malamai suka sa baki aka dawo hanya. An ga na ƙarshe a Borno a 2016, ranar 25 ga Agusta 2020 kuma aka tabbatar Afirka ta rabu da asalin ƙwayar cutar shan inna.

GARIN ALKAWURA

Babban Asibitin Ƙasa da ke tsakiyar birni asalinsa na mata da yara ne. Ya fito ne daga shirin tallafa wa iyali na Hajiya Maryam Abacha, Janar Abdulsalami Abubakar ya buɗe shi a Mayun 1999, a shekarar 2000 aka sauya masa suna ya zama na kowa. Asibitin ƙwararru na Gwagwalada kuma ya zama asibitin koyarwa na Jami'ar Abuja a 2006.

A Afrilun 2000 shugabannin Afirka suka taru a nan suka yi alkawarin cewa kafin 2005, kashi 60 cikin ɗari na masu ciki da ƙananan yara za su riƙa kwana cikin gidan sauro mai magani. A Afrilun 2001 suka sake taruwa suka yi alkawarin ware kashi 15 cikin ɗari na kasafin kuɗi don lafiya. Duk duniya ana kiran wannan alkawari da sunan Abuja, amma gwamnatin tarayya ba ta taɓa kai wa wannan adadi ba, yawanci tsakanin kashi 4 da 6 take tsayawa. A 2009 aka fara shirin tura ungozomomin asibiti zuwa karkara, a shekarar ne kuma hukumar birnin nan ta fito da shirin Mailafiya na kai ma'aikatan lafiya ƙauyuka da mota. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta ware aƙalla kashi ɗaya cikin ɗari na kuɗin shigar tarayya don ƙananan asibitoci, ba a sa kuɗin cikin kasafi ba sai 2018. A Nuwamban 2024 ministan lafiya Farfesa Muhammad Ali Pate ya ba da sanarwar tiyatar haihuwa kyauta ga mata marasa hali.

DARASIN MARAƊI

Babban sauyi a maganin tamowa kuwa ta wajen 'yan uwanmu na Nijar ya bayyana. A da sai an kwantar da yaro a asibiti ana dama masa madara, uwa ta bar gida da sauran yara makonni. A 1996 wasu Faransawa biyu, André Briend da Michel Lescanne, suka haɗa gyaɗa da madarar gari da sukari da mai da sinadarai cikin 'yar leda, suka sa masa suna Plumpy'Nut. Ba ya buƙatar ruwa ko wuta, yaro tsotsa kawai yake yi. A yunwar 2005 ƙungiyar likitocin nan ta MSF ta yi wa yara fiye da dubu 60 magani a Nijar, yawancinsu a yankin Maraɗi, kuma mafi yawansu a gida iyayensu mata suka ba su, ana kawo su awo mako-mako. Nijeriya ta fara wannan tsari a Gombe da Kebbi a 2009. Yanzu ana yin irin wannan haɗi a Kano da Legas. Kai jama'a, ashe gyaɗar nan da aka yi dalarta a Kano ita ce ƙashin bayan maganin!

INA MUKE YAU?

An ci gaba, ba a ce ba a ci ba. A binciken 1990 yara fiye da 190 cikin kowane dubu ba sa kai shekara biyar. A 2018 adadin ya sauko zuwa 132, a binciken 2023 zuwa 2024 kuma zuwa 110. Amma tsumburewa, wato yaro ya kasa tsawon da ya dace da shekarunsa, ta tashi daga kashi 37 a 2018 zuwa kashi 40. A 2018 ɗin Arewa maso Yamma tana da kashi 57, yankin Abuja kuwa wajen ɗaya cikin biyar. Kada wannan ya ruɗe mu, domin lissafin Abuja ya haɗa ɗan Maitama da ɗan Gwagwa a kwando ɗaya. Jariran da ake ba nono zalla har wata shida kashi 29 ne kawai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mata dubu 82 suka rasu wajen ciki da haihuwa a Nijeriya a 2020, fiye da rubu'in na duniya baki ɗaya.

Tun 2014 muna da 'yan gudun hijira daga Gwoza da sauran garuruwan Borno a Durumi da Kuchingoro da Wassa. Bayan cire tallafin mai a Mayun 2023, hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin ɗari a tsakiyar 2024. A 2025 tallafin ƙasashen waje ya ragu, MSF kuma ta ce yara 652 suka rasu da tamowa a cibiyoyinta na Katsina cikin wata shida na farkon shekarar. Waɗannan 'ya'yan 'yan uwanmu ne, ƙauyukan da muke aika kuɗin cefane.

ABIN DA YA RAGE NAMU

Masana sun ce jinkiri uku ke kashe mai naƙuda: jinkirin yanke shawarar tafiya, jinkirin hanya, da jinkirin samun kulawa bayan an isa. Na ukun sai mu dinga tuna wa hukuma, mu shiga kwamitocin asibitocin unguwanninmu. Biyun farko kuwa suna hannunmu.

Na farko, maigida ya ba da izini tun ciki yana ƙarami, a gaban maƙwabta, cewa ko ba ya nan a tafi da ita. Ya kuma tsaya ta je awo, wanda tun 2016 ake son ya kai sau takwas. Zubar jini, kumburin fuska, ciwon kai mai tsanani, jijjiga, ko naƙudar da ta wuce awa 12, duk ba na jira ba ne. Na biyu, yadda muke tara kuɗin kai gawa gida, haka ya kamata mu buɗe asusun naƙuda, mu ajiye sunayen direbobinmu da za a iya tasa da tsakar dare, kamar yadda ƙungiyar direbobi ta NURTW ta yi a wasu jihohin Arewa. Matasa kuma su san rukunin jininsu, domin sau da yawa leda ɗaya ce tsakanin mai jego da kabari.

Iyayenmu mata kuma, a sa jariri a nono cikin awar farko, a ba shi dakashinsa, a bar shi kan nono zalla har wata shida, ko ruwa ba ya buƙata duk zafin gari. Bayan nan a ci gaba da nono har shekara biyu, amma koko tsararo ba ya riƙe yaro. A haɗa gero ko dawa da waken suya da gyaɗa, a soya a niƙa, a dama da kauri, a sa ɗan manja da garin zogale ko busasshen kifi, ƙwai kuma in an samu a ba shi. A zuba masa a kwanonsa daban, kada yayyensa su cinye. Idan gudawa ta kama shi a nemi ledar gishiri da sukari da ƙwayar zinc ta kwana goma zuwa goma sha huɗu, kada a tsayar da nono. Idan tsinken awon dantse ya nuna ja, wato ƙasa da santimita 11.5, ko ƙafafunsa biyu suka kumbura, a tafi asibiti a ranar. Katin awo kuma a adana shi yadda ake adana takardar fili.

Mun zo wannan gari neman abinci ne, mun ɗauki kankare a ka, mun yi gadin gidajen da ba namu ba, duk don yaran nan su tashi su fi mu. Don haka muna kira ga sarakunan Hausawa na unguwanni da limamai da shugabannin mata su sa wannan magana cikin taronsu na gaba. Allah Ya jiƙan waɗanda suka rigaye mu, Ya sauki masu ciki lafiya, Ya raya mana zuriya. Amin.